Hajiyar Gidan Darbejiya

A shekarar da Abacha ya rasu, 1998, na gama sakandare da sakamakon da ba ya kai mutum ko'ina. Na yi wata huɗu ina zaman kashe wando a ƙofar gida, har mahaifiyata ta gaji da gani, ta tasa ni gaba zuwa wurin ƙaninta a Tudun Wadan Zariya. Kawu yana da ɗan kes na katako a bakin titi. Gefe guda biro ne da littafin rubutu da su Ahalari da Ishmawi da Iziyya, ɗaya gefen kuma kanta uku ne cike da littattafan Hausa na haya. Ta ce masa, "Ga shi nan, ko shara ce ka sa shi." Kawu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan nan, ka iya rubutu mai karantuwa?" Na ce na iya. Ya miƙo mini wani dogon littafi mai baƙin bango, ya ce daga yau ni ne mai rubuta wanda ya ɗauka da wanda ya dawo da shi.

Kawu bai yi boko ba. Karatun allo ya yi, ya sauke, kuma lissafinsa duk da ajami yake yi. Amma babu littafi ɗaya a kantocin nan da bai sani ba. Da bango yake gane su, da kauri, da irin yagewar da kowanne ya yi. Ma'auninsa ɗaya ne tak: littafin da ya fi shan wuya a hannun mutane shi ne mai daɗi. In ya ga littafi ya yi wata biyu fes, ba maiƙon manja, ba a naɗe masa kusurwa ba, sai ya ce, "Wannan marubucin ya ci kuɗina." Na daɗe ina yi wa ma'aunin nan dariya a zuci. Yanzu da na girma ban cika yi ba.

Littattafan lokacin sirara ne, takardarsu mai arha, an manne su da ƙusar waya biyu a tsakiya. Labari guda sai a raba shi na ɗaya, na biyu, na uku, wani har na huɗu, kuma marubuci ba ya yanke na ɗaya sai a daidai inda ran mai karatu zai tsaya masa a wuya. Duk bayan mako biyu Kawu zai hau mota a Kwangila ya tafi Kano sari, ya dawo da yamma da ƙulli a kafaɗa. A daren nan ba barci. Kowane sabon littafi sai mun cire ƙusar, mun ɗinke shi da zare da allura, mun yi masa riga da takardar buhun siminti, na rubuta lamba a goshinsa. Duk da haka shafin ƙarshe ne yake fara ɓacewa. Na ga matar da ta aiko yaro sau uku a yini ɗaya a kan shafi guda, wai ba ta san ko an ɗaura auren ba ko an fasa.

Na ce ta aiko yaro, domin mafi yawan masu hayarmu ba mu taɓa ganinsu ba. Matan aure ne a cikin gidaje. Yara ne ke zuwa da kuɗi a dunƙule a hannu da 'yar takarda da aka yago daga littafin makaranta. Wata ta rubuto sunan littafi, wata sunan marubuciya kawai: "Na Anti Bilki, in babu a dawo mini da kuɗina." Wata kuwa sai ta ce, "A ba ni mai daɗi." A kan wannan "mai daɗin" na fara sana'ar ƙarya.

Gaskiyar magana, a lokacin ban taɓa karanta ko ɗaya daga cikinsu ba. Ina ganin karatun mata ne, ni kuwa namiji mai takardar sakandare, ko da ta faɗuwa ce. Sai na riƙa duba bango, in karanta abin da aka rubuta a baya, in haɗa da dabarar Kawu ta yagewa, in rubuta amsa a bayan takardar: "Wannan soyayya ce mai ratsa zuciya, sai kin yi kuka." Kusan kowane littafi haka nake ce masa. Wata shida ina yi, ba wadda ta kama ni.

Akwai wani yaro, bai fi shekara 9 ba, mai yawan jan hanci, da yake zuwa daga wani gida a can cikin unguwa mai babbar bishiyar darbejiya a ƙofa. A littafina "Hajiya gidan darbejiya" nake rubutawa. Ran nan ya kawo takarda: a zaɓa mata wanda ni da kaina na karanta na ji daɗinsa. Na miƙa hannu na zaro Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, saboda ya sha jiki sosai, na rubuta mata cewa labarin masoya ne biyu da aka so a raba, amma daga ƙarshe Allah ya yi aurensu.

Washegari da hantsi yaron ya dawo. Takardar tana nan a wurina har yau, rubutun ƙato-ƙato, yana hawa yana sauka:

"Ɗana, na san littafin nan tun fitowarsa. Matar da miji ya kora da 'ya'ya tara ita ce masoyiyar taka? Ba ka karanta ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ka karanta, gobe ka faɗa mini sana'ar da Rabi ta kama. In ba ka sani ba, na daina aiko muku."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi tayar mini da hankali ma Kawu ne, domin Hajiyar nan tana cikin masu biya kan lokaci. Daren nan na kunna fitilar ƙwai a shagon da nake kwana, na buɗe littafin da niyyar in nemo amsar kawai in rufe. Ban rufe ba sai da aka kira assalatu. Alhaji Abdu da ya auro Delu ya wulaƙanta uwar 'ya'yansa, ni na san shi. Ba a littafi na san shi ba, a layinmu yake, har mutum biyu. Rabi da ta koma sayar da abinci don ta riƙe yaranta, na ci tuwon irinta da kuɗina. Ban taɓa zaton ana ɗaukar abin da ke faruwa a bayan katangar gidajenmu a sa a takarda ba. Da gari ya waye na rubuta mata amsa, na haɗa da ban haƙuri.

Yaron ya dawo da amsa, da kuma wani abu a naɗe cikin tsohon ɗankwali. Ruwan Bagaja ne, tsohon bugu, takardar ta yi ja, tana ƙanshin turaren wuta da kafur. Ta ce daga yau ga sharaɗi: duk littafin da ta haya a wurinmu za ta biya, amma ni ma za ta ba ni aron ɗaya daga akwatin maigidanta marigayi, ladan aron kuma shi ne in amsa tambaya ɗaya.

Mun yi Ruwan Bagaja a makaranta, irin karatun da ake yi don jarrabawa, a haddace sunan Abubakar Imam da Kwantagora a wuce. Wannan karon na karanta shi don kaina, na yi ta ƙyaƙyata dariya ni kaɗai a kan irin cutar da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman suke yi wa juna gari bayan gari. Na zaci za ta tambaye ni inda aka samo ruwan. Sai ga tambaya: "Alhaji Imam ne ya ba mu labarin da bakinsa. Da Zurƙe ne ya ba mu, wa zai zama mutumin kirki?" Kwana biyu ina juya maganar nan. Tun daga ranar, ko labarin rigimar maƙwabta aka kawo mini, sai na fara tambayar kaina daga bakin wa nake ji.

Haka muka bi su ɗaya bayan ɗaya. A cikin takardunta na fara sanin cewa littattafan nan biyar, Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, duk 'ya'yan gasa ɗaya ne, wadda Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933 a nan Zariya, garin da nake zaune ina hamma. Ita ta faɗa mini Bello Kagara mai Ganɗoki yayan Abubakar Imam ne, kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin makaranta ya rubuta Shaihu Umar, tun ba a san zai zama Firayim Minista ba. Maigidanta, in ji ta, ya yi aikin ɗab'i a kamfanin Gaskiya, shi ya sa akwatin ya cika. Na sha wucewa ta gaban ginin nan a Tudun Wada ban taɓa ɗaga kai ba.

A kan Shaihu Umar muka fi daɗewa. Ni abin da ya burge ni tafiyar ce: yaron da aka sace, aka ratsa hamada da shi, ya dawo babban malami. Na cika shafi guda ina yabon haƙurinsa. Ta amsa da layi uku. Ta ce littafin ba na Umar ba ne, na uwarsa ne, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu bauta, ta gan shi bayan shekaru, ba ta daɗe ba ta cika. Ta ce, "Shi an ba shi sunan littafi da almajirai. Ita me aka ba ta?" Na koma na sake karantawa daga farko, sai na ga kamar wani littafin aka canza mini.

Kada a ɗauka tsofaffin kawai take so. Ba ta da wannan girman kan da na gani daga baya wurin wasu 'yan boko, masu kiran littattafanmu adabin kasuwar Kano suna yatsina fuska, alhali rabinsu ba su karanta ko uku ba. Tana son Bilkisu Funtuwa, ta ce ita ta iya zancen cikin ɗaki, yadda mace ke magana da miji da yadda take yi da uwar miji, sai dai gidajen labarinta sun cika daula, kowa da mota. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba sau uku ta haye shi, kuma a karo na uku ta roƙi a bar mata shi mako guda, wai akwai wani maƙwabci da yake shirin cire 'yarsa daga makaranta, tana so matarsa ta ji labarin Abu. Ita ta aiko mini So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, na 1980, ta ce in riƙe shi da hannu biyu domin ita ce ta buɗe wa mata ƙofa. A kan In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino kuwa mun yi faɗa sosai. Ni a lokacin ina son wata yarinya da gidansu ya fi namu, don haka Muhammad ni ne, Sumayya ita ce, ba mai gaya mini wani abu. Hajiya ta ce littafin ya iya jan rai, ba ta musa ba, amma duk yarinyar da ta faɗa rijiya saboda saurayi ba ta taɓa jan ruwa da guga ba ne. Na yi fushi na kwana biyu ban amsa ba. Yarinyar tawa ma wani mai shagon atamfa ta aura, ba ta ko leƙa rijiya ba.

Ni ma na gwada ba ta nawa zaɓin. Da yamma ɗaliban jami'a na Kongo sukan tsaya a kes ɗin neman littattafan Turanci na James Hadley Chase da Pacesetters, waɗanda Kawu ke ajiyewa a kwali ƙarƙashin benci, kuma ta hanyarsu na gano Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Har gobe in aka ce in ɗauki littafin Hausa ɗaya in shiga kurkuku da shi, zan yi jinkiri tsakaninsa da Magana Jari Ce. Na aika mata da shi ina ta zumuɗi. Kwana ɗaya ya yi ya dawo: "Jini ya yi yawa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi." Amma ta haɗo mini da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, ta ce tunda ɓarayi da 'yan fasa-ƙwauri nake so, ga waɗanda za su nuna mini inda ake ƙera su.

Cikin shekara biyu na karance kantocin nan uku tas, har da waɗanda ba su cancanci man fitilar ba, kuma suna da yawa. Akwai marubucin da in ka karanta littafinsa ɗaya ka karanta goma. Sai aikina ya canza. In takarda ta zo da "a ba ni mai daɗi", sai in duba dogon littafina in ga me matar ta ɗauka a baya, wanne ta dawo da shi a kwana ɗaya, wanne ta riƙe har aka ci ta tara. Amarya daban, mai jego daban, wadda aka yi wa kishiya watan jiya daban, kuma wannan ta ƙarshen ba a ba ta labarin kishiya sai in ita ta nema. Teloli da masu gyaran babur, da littattafan yaƙi suka yi yawa, na Abdul'aziz Sani Madakin Gini suke so, a yi ta sara da suka har littafi na biyar. Ciniki ya ƙaru. Kawu bai taɓa yaba mini da baki ba, sai dai ya fara tafiya da ni Kano sari, ya tsaya a gefe ni ina zaɓa.

Na yi niyyar zuwa gaishe ta ba sau ɗaya ba. Kawu ya ce ba a haka, mai haya da mai shago tsakaninsu ɗan aike ne, kada a fara abin da zai sa mazan unguwa su hana matansu aikowa. Na bi maganarsa. Yaron mai jan hanci ya girma aka kai shi makarantar kwana, wata yarinya ta karɓe shi, bayanta wani yaron. Na lura rubutun takardun yana canzawa, wani lokaci manya, wani lokaci ƙanana masu kyau, na ce a raina tsufa ne da ciwon ido.

Littafi na ƙarshe da ta aiko mini Jiki Magayi ne. Ta ce da gangan ta ajiye shi sai na ƙara hankali. Labarin Abubakar ne da attajiri ya raba shi da Zainabu da ƙarfin dukiya, ya bar gari ya tafi neman abin ramuwa, ramuwar kuma ta sauka a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Tambayarta ita ce: a cikin mutanen nan, wa ya kamata ya fara neman gafarar wani? Na rubuta amsa na yaga, na sake na yaga. Ina cikin haka aka kwana biyar ba ɗan aike. Ran na shida na ga tabarmi a ƙarƙashin darbejiya. Na je na zauna cikin maza na yi ta'aziyya, ba wanda ya san ni, ni ma ban san wanda zan ce wa ina riƙe da littafinta ba.

Kes ɗin bai mutu rana ɗaya ba. Wayar salula ta shigo a 2001, ba ta taɓa mu ba da farko. Finafinan kaset ne suka fara rage mana mutane, sannan gidajen rediyo suka riƙa karanta littattafan a iska, sannan waya mai intanet ta ƙarasa abin da ya saura. Bayan rasuwar Kawu na mai da wurin shagon caji da sayar da kati. Marubutan ba su ƙare ba, sun koma WhatsApp da Wattpad ne, a biya ta banki a sa ka a rukuni, shafi ya riƙa zuwa kullum da dare. Matata a nan take karatu. Gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ma ta fito da mata masu alƙalami da da Hajiya ta ji su da ta yi murna, ta kuma samo musu laifi. Ina cikin wani rukunin masu karatu, kuma kusan kullum sai wani ya rubuto, "Don Allah wane littafi ne mai daɗi?" Mutum ashirin su jero sunaye. Ni sai in tambaye shi wanne ya karanta na ƙarshe, kuma a ina ya ji ya gundure shi. Wasu suna jin haushin tambayar.

Bara da azumi na tari Keke Napep daga Kwangila zuwa Tudun Wada. Direban ya yi ta kallona ta madubi, can ya ce, "Yaya, ba kai ne na kes ɗin littattafai ba?" Sai da ya ja hanci na gane shi. Muka gaisa, muka yi wa Hajiya addu'a, ashe kakarsa ce. Na ce masa har yau ina ajiye da takardunta, rubutun hannunta yana nan.

Ya yi dariya har keken ya yi tangal-tangal. Ya ce, "Wane rubutun hannunta? Ai nawa ne. Hajiya ko sunanta ba ta iya rubutawa da boko ba."

Ya ce tun tana amarya kakansu ke karanta mata da dare, in ya dawo daga aiki. Littattafan akwatin nan duk ta san su da ka. Da ya rasu sai ta mai da jikoki masu karanta mata, kowa da zamaninsa, a kan ladan ƙosai. Ya ce in ka yi tsallaken layi don ka gama da wuri ka tafi ƙwallo, sai ta ce koma baya, ba haka Malam yake karanta wurin ba. In za ta ba ni amsa kuwa, sai ta sa shi ya rubuta, ya karanta mata, ta ce goge wannan, kalmar ta yi nauyi, yaron kirki ne, kada ya gudu.

Na tambaye shi cikin duk waɗanda ya karanta mata wanne ya fi so. Ya ce shi fa tun da Allah ya raba shi da aikin nan bai sake buɗe littafin labari ba, ya ƙoshi tun yana firamare. Amma wai wani lokaci in yana jiran fasinja sai ya tsinci kansa yana ba 'yan uwansa direbobi labarin akun nan na Magana Jari Ce, yadda ya riƙa tsare ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita, su kuma suna cewa a ina ya samo.

Da muka iso na ce ya jira ni. Na shiga shago na buɗe durowar ƙasa, na ɗauko Jiki Magayi a cikin ɗankwalin da ya zo da shi, na kawo masa na ce kayan gidansu ne, shekara da shekaru ina riƙe da amana. Ya juya shi gaba da baya, ya shinshina, ya yi shiru kaɗan. Sai ya miƙo mini ya ce in bar shi a wurina, a gidansu yara za su yaga ne su ƙulla gyaɗa. Kuɗin keken ma ya ƙi karɓa, sai da na jefa masa a kan kujera ya ja ya tafi.